Shirin meteyo na rediyon karkararmu: damana biyu muna bi, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in yi magana kan shirin nan na hasashen ruwa da wata rediyon karkara ta wajenmu take yi, wanda kuma suke turo muryarshi ta WhatsApp ga duk wanda ya kai masu lambarshi. Ni a cikin garin Tawa nike aiki, amma gonarmu tana ƙauye wajen Badagishiri, Baba ne ke kanta shi da ƙannena, kuma hatsin gonar nan shi duk gidan ke ci.

Labarin ba su ke ƙirƙira shi ba, daga Yamai yake zuwa, daga ma'aikatar meteyo ta ƙasa da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta ƙasashen Sahel wadda ke can tun 1974, hasashen damana gaba ɗaya yana hitowa kafin ruwa ya sauka, sannan akwai bayanin da ake hiddawa duk kwana goma. Matsalar dai duk da Faransanci ake rubuta shi, wa zai karanta ma Baba wannan? To malamin da ke shirin shi ne yake zama ya warware shi da Hausarmu ta Adar, ba sauri, ya maimaita sau biyu, kuma wallahi nan ne darajar abin take.

Bara ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ƙasa ta jiƙa ana ta murna, Baba har ya sa an hiddo iri. Na kira shi na ce Baba don Allah ku dakata, ga abin da rediyo ta ce, akwai alamar ruwa zai ɗauke na kwanaki bayan wannan, kuma sun ce kar a yi shuka sai ruwan da ya sauka ya kai kamar milimita 20 ƙasa ta sha sosai. Ya ce mini kai yaro, tun kafin a haihe ka nike shuka. Gaskiyarshi ne, mutumin da ya ga yunwar 1984 da idonshi ba a koya mashi gona, amma shi da bakinshi ya sha cewa damanar yanzu ba ta da alkawali, alamomin da ya sani tun yana saurayi sun daina cika. Daga ƙarshe rabin gonar kawai ya shuka, wajen da muka yi tassa, ƙananan ramukan nan masu riƙe ruwa, muka zuba taki. Ruwa kuwa ya ɗauke kusan sati biyu, maƙwabtanmu da suka zuba irinsu duka sai da suka sake neman wani a kasuwa da tsada, wasu da bashi, mu namu yana nan a rumbu. Ban manta muryar Baba ran da ya kira ni ya ce in riƙa tura mashi saƙon ko da dare ne.

Suna kuma bayani kan irin hatsi mai saurin nuna kamar wanda ake ce ma HKP, da ginar rami mai siffar rabin wata don tare ruwa, da barin gawo cikin gona, da gargaɗin kar a kwana ko a ɗaure dabbobi bakin korama idan hadari ya haɗu ta sama. Wanda ya ga ambaliyar 2024 da ta ci gidaje har aka ɗage komawa lakkol zuwa ƙarshen Oktoba ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. Innata tana da gamanarta, kuɓewa da wake da sure, da su take sayen sabulu da maganin jikoki, kuma ita ba ta taɓa jin shirin nan da kunnenta ba ko sau ɗaya, saboda lokacin da suke sa shi tana rijiya ko tana daka, rediyon kuma yana hannun maza a ƙofar gida, salularta ƙarama ce ba ta WhatsApp, ko da tana yi ma ina kuɗin mega, ina rezo? Matan da mazansu suka tahi bida Abijan ko Libiya suka bar masu gona su ne suka hi kowa buƙata, kuma su ne labarin bai kai ma. Haka makiyaya, ba Fulatanci ba Tamajak. Sannan wani lokaci sai su ce za a yi ruwa a jihar Tawa, alhali Konni da Abalak ba sama ɗaya ke kansu ba, ya kamata su riƙa faɗin na kowace komin, wato ƙaramar hukuma, daban. Sau biyu kuma saƙon ya iso bayan ruwan ya riga ya wuce.

Na je har wurinsu na faɗa masu, sun saurare ni da mutunci, sun ce za su duba maimaita shirin bayan isha'i. Har yanzu dai ina jira. Kyauta ne, ko dala ba su karɓa, ni na ba su huɗu cikin biyar, kuma kafin su gyara na saya ma Inna ƙaramin rediyo mai caji da rana, nata ita kaɗai.