Rigar Ƙasan Sulke: Biyu Na Saya, Ɗaya Ce Ta Yi Mini Rana

Ban taɓa zaton zafin Ingila zai iya kayar da Bakano ba, sai ranar da na tsinci kaina zaune a gindin wata bishiya a filin Tewkesbury, wata dattijuwar Baturiya tana zuba mini ruwa a ƙeya tana tambayata ko ina iya tuna sunana. Ranar ba ta kai rabin ta watan Afrilu a Kano ba. Riga ce ta kayar da ni, kuma da kuɗina na saye ta.

Ga wanda bai san wasan ba: a watan Yuli, tun shekarun 1980, mutane kan taru a garin Tewkesbury su sa kayan yaƙin da, su maimaita gumurzun da aka yi a wurin ranar 4 ga Mayu 1471, lokacin da Sarki Edward na Huɗu na gidan York ya murƙushe rundunar gidan Lancaster. Takubban ba su da kaifi, amma ƙarfe ne, nauyinsu na gaske ne, dukan ma idan ya same ka za ka san an dake ka. Wani abokin aikina ya ja ni cikin ƙungiyarsu. Ban yi masa gardama ba, domin tun ina ƙarami nake bin kawuna kallon hawan sallah, kawun kuwa ya daɗe yana hawa cikin 'yan sulke.

Wannan tunanin na gida shi ya fara yaudarata. A kaina, rigar da ake sawa don kare jiki ita ce lifidi, kuma lifidi kaurinsa shi ne darajarsa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma audugar rimi ake cusa wa lifidin har mahayi ya koma kamar rumbu a kan doki. Don haka da na shiga wani kanti a intanet na ga abin da Turawa ke kira gambesan, mai kauri kamar katifar ɗalibi, a kan fam 65, sai na ce na tsinci dami a kala. Kwana huɗu ta iso.

A madubi ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Matsala ta fara ne da na ɗora ƙarfe a kanta. Ƙarfen ƙirji ya ƙi haɗuwa da na baya sai da mutum biyu suka matse ni kamar ana ɗaure buhun gyaɗa. An ɗinka hannunta irin na kwat, ramin hammata ya sauko ƙasa sosai, saboda haka duk lokacin da na ɗaga mashi sai rigar gaba ɗaya ta biyo hannun, ta ja ƙarfen ya tokare mini maƙogwaro. Maɓallanta na ƙarfe ne da ɗamarar fata, suna gaba daidai inda ƙarfen ƙirji ke dannawa, kowanne ya bar mini tambarinsa. Babbar illar kuwa sai bayan faɗuwata na gano ta, da na farke ɗinkin ƙasa da reza: soson roba ne cike a ciki, irin na matashin kai mai araha. Soso ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa. Mutum yana ciki yana dahuwa kamar ɗanwake.

Wani dattijo a ƙungiyarmu, wanda ya fi shekara 30 yana wannan wasa, shi ya zaunar da ni ya warware mini abin. Riga iri biyu ce, ni kuma na haɗa su. Akwai mai kauri wadda ita kanta ce garkuwar talakan soja, ba a ɗora mata komai. A wata doka ta zamanin Sarki Louis na 11 na Faransa an nemi a yi ta da ninki 30 na lilin, ko 25 a ɗora fatar barewa. Wannan ita ce 'yar'uwar lifidi. Akwai kuma wadda ake sawa ƙarƙashin cikakken kayan ƙarfe, ita kuma siririya ce mai kama jiki, aikinta ta riƙe ƙarfen a inda ya kamata. Wani rubutun hannu na Ingila na wajen 1450 ya bayyana ta: yadi mai ƙwari da shafi mai santsi a ciki, an huda ta wuri-wuri, da igiyoyin da aka goga wa kaki kamar tsirkiyar baka, sannan a ɗinka guntayen sulke a hammata da lanƙwasar hannu inda farantin ƙarfe ba ya rufewa. Ashe kauri ba shi ne magana ba. Wani abin da ya ba ni dariya, ɗaya daga cikin sunayen rigar a tsohon Faransanci, akiton, daga Larabci ya fito, alƙuɗun, wato auduga.

Ta biyun wata maɗinkiya ce a tsakiyar Ingila ta yi mini, mace ɗaya da ke aiki a ɗakin bayan gidanta. Fam 390. Na daɗe ina juya kuɗin a raina, uwargida kuma ta ce da wannan kuɗin an yi wa yara kayan sallah na shekara biyu, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Tun daga awo na san na zo wurin mai sana'a. Ta auna ni wuri fiye da ashirin, wasu hannuna a ƙasa, wasu a sama, wasu na durƙusa. Ta ce in zo da ƙarfen hannuna da na ƙafata, ta sa alli ta yi alamar inda kowace igiya za ta fito. Na nuna mata hoton rigar wani basaraken Faransa, Charles de Blois, da ke gidan tarihin yadudduka na birnin Lyon, mai wannan yankan hannu mai faɗi da ya shigo har tsakiyar baya, na ce irinta nake so. Ta ce a'a. Mai rigar ya mutu a 1364, ni kuma sojan 1471 nake kwaikwayo, shekara ɗari da 'yan kai tsakani. In na sa ta, kamar in je ɗaurin aure yau da kayan zamanin kakan kakana ne. Na ji haushi a lokacin. Daga baya na gode mata, don masu duba kaya a ƙungiya ba sa ɗaga wa kowa ƙafa.

Ta fara ɗinka ta gwaji da yadi mai araha, na je na sa, ta tsuke kugu, ta ɗaga ramin hammata har ya manne. Sannan ta yanka ta gasken: lilin ninki huɗu a jiki, biyu kawai a lanƙwasar hannu, da 'yar auduga kaɗan a kafaɗa da ƙugu inda ƙarfe ke zama. Hujin igiya duk da allura ta buɗa su, ta bi bakinsu da zare, ba ta yanke yadin ba, ba ta kuma sa zoben ƙarfe ba. Ta ce zobe yana yin tsatsa ya cinye yadin da ke kewaye da shi.

Bambancin da na ji ranar farko ya fi ƙarfin kuɗin. Rigar ta kama kuguna tsam, har numfashin farko ya ɗan yi wuya, amma da aka ɗaure ƙarfen cinya a jikinta sai nauyin ya sauka a ƙugu maimakon ya rataya a kafaɗa. Kayan da da nake ji kamar na goya buhun siminti suka koma kamar nawa ne tun haihuwa. Ina ɗaga hannu sama rigar ba ta motsi. Gumi kuwa ana yinsa, kada wani ya ce maka lilin yana hana gumi. Abin da yake yi shi ne ya shanye, in iska ta kaɗa ta tsakanin faranti sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Na yi wuni biyu a filin da ya taɓa kayar da ni, ruwa kawai nake sha, ban zauna gindin bishiyar kowa ba.

Laifinta ma akwai. Ta ce mako goma sha biyu, sai da na yi wata biyar, saƙonni biyu kuma ba ta amsa ba, har na fara tunanin kuɗina sun bi ruwa. Jan rinin yadin waje ya zuba a gumin farko, ya mayar da farar rigata ta ciki kalar ruwan zoɓo, har yau bai fita ba. Igiyoyin da ta haɗo da su ba su dace da sauran aikin ba: biyu suka tsinke a wata ɗaya, ɗaya ana tsakiyar arangama, ƙarfen gwiwar hannuna ya zame yana reto. Na sayi zaren lilin mai kauri na tufka nawa, na goge da kakin zuma, tun sannan shiru.

Kula da ita kuwa, da kuskure na koya. Bayan wasan ƙarshe na kaka na dawo a gajiye, na cusa ta a jaka tare da ƙarfen, na ajiye a gareji. Mako uku na manta. Da na buɗe, fumfuna ta yi toka-toka a baya, tsatsar sulken hammata ta zana mata taswira, warin kuma sai da maƙwabci ya leƙo. Na kira kawu ina ba shi labari, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana kwantar da kayan hawa da gumi? Mu ko sirdi ba ma shigar da shi ɗaki sai ya sha iska." Na ce, "Kawu, nan ai rana ce babu." Ya ce to in nemi iska, ita ba a saye.

Yanzu da na cire ta sai in juya cikinta waje in rataye a faffaɗan maratayi na katako, na waya yana ɓata kafaɗa. In fesa mata ruwan khal da aka sirka rabi da rabi a hammata da wuya; warinsa kan tafi in ta bushe, ya tafi da na gumin. Wanki sau biyu kawai a shekara, a baho, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan, bayan na warware guntayen sulken. Ba na murɗe ta. Ina shimfiɗa ta tsakanin tawul biyu in taka, sannan in bar ta a kwance ta bushe, domin in aka rataye ta da nauyin ruwa audugar kan gangaro ta taru a ƙasa. A sanyin nan takan ɗauki kwana uku zuwa huɗu. Injin busar da kaya kuwa ko kusa, wani a ƙungiyarmu ya gwada, tasa ta fito daidai da ɗansa mai shekara goma sha biyu. Baƙin man da sulke ke bari a yadi na daina faɗa da shi, ba ya fita, kuma kowa a fili da nasa.

Abu ɗaya na saɓa wa wancan tsohon rubutun: shi ya ce kada a sa komai a ƙarƙashin rigar, ni kuwa ina sa siririyar rigar lilin, don ita ce nake iya wankewa bayan kowane wasa. Shekara biyu ke nan ina sa ta biyun, huji ɗaya ne kawai ya buɗe a kugun hagu, na ɗinke da kaina. Ta farkon tana nan, na ba kyanwar gidan tana kwana a kai. Na kuma riga na aika wa maɗinkiyar awon wandon ulu da za a ɗaura a jikin rigar. Ta ce mako takwas, ni kuma na sa rai da wata huɗu.