Naitiril ko binil: wacce za ta maye gurbin safar leteks?

'Yar'uwarmu da ke aikin jinya a Jidda ta ce da ta cire safar hannu ta leteks, wato ta robar itace, sai bayan hannunta ya yi ja yana ƙaiƙayi, tana tambaya wacce za ta koma, naitiril ko binil. Sannu 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe.

Kafin sauyi, ki lura da lokacin da abin ke tasowa. In cikin mintuna ne kika ga borin jini, ga atishawa, ido na ruwa, to da alama sinadarin furotin da ke cikin ruwan itacen roba ne jikinki ya ƙi, wato ainihin hasasiyyar leteks, kuma ita ce mai iya sarƙe numfashi. In kuwa sai bayan kwana ɗaya ko biyu fata ta bushe ta tsattsage, galibi magungunan da ake sarrafa robar da su ne. Akwai kuma na gumi da yawan wanke hannu da sabulu, wanda a zafin Jidda ba sai an faɗa ba. Likitan fata ne zai raba gardama da gwajin jini ko na fata.

Naitiril robar masana'anta ce, babu furotin ɗin a cikinta. Tana kama hannu cif, tana da juriyar huda, in ta huje ma yagewa take yi ki gani. Ɗibar jini, sa kanula (siririn bututun da ake sawa a jijiya), wanke ciwo, duk ita zan ba ki. Aibinta ɗaya: yawancinta ana yin ta da waɗancan magungunan, don haka mai ƙurajen bayan kwana biyu na iya sauyawa abin bai tafi ba. Sai ta nemi wadda aka rubuta a kwalinta ba su a ciki. Kada kuma shuɗin launi ya sa ki ɗauka naitiril ce, karanta kwali.

Binil ta fi araha, ita ma babu leteks, amma sako-sako ce kamar leda, tana saurin yoyo in an ja ta. Ta ɗan gajeren aiki ce marar jini, kamar rabon abinci ko goge gado.

Leteks marar hoda fa? Ta rage wa abokan aiki shaƙa, domin hodar masarar da ake barbaɗawa a cikin safar ce ke kwasar furotin ta watsa a iska, shi ya sa Amurka ta hana safar asibiti mai hoda tun 2017. Amma ga wadda jikinta ya riga ya ƙi, ba magani ba ce.

In gwaji ya tabbatar, ki sa a rubuta a fayil ɗinki, ki faɗa kafin tiyata ko zuwa wurin likitan haƙori, don akwai leteks a wasu robobin fitsari da igiyar ɗaure hannu. Ayaba, kiwi ko afokado in suna sa miki ƙaiƙayin baki, ki gaya wa likita. Numfashi kuwa in ya fara sarƙewa, sashen gaggawa kai tsaye, allurar adirinalin ake yi.