Taswirar zafi mai rukuni: pheatmap, ComplexHeatmap ko seaborn?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta same ni a Unguwar Rimi da kwamfutarta. Ta tara alƙaluman zazzaɓin cizon sauro na ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, wata 12, tana son ta zana taswirar zafi, wato teburin da ake mayar da lambobinsa launi, a jera layuka masu kama kusa da juna, da rassa a gefe masu nuna dangantakarsu. Ta ce, "Malam, wanne zan ɗauka?" Manhajojin zana taswirar take nufi. Na ce duk kyauta ne, abin da za ki kashe shi ne lokaci da data da ƙarfin kwamfuta.

R, wato harshen kwamfuta na nazarin alƙaluma, na zuwa da umarnin heatmap a cikinsa, ba sai an sauke komai ba, amma ba ya nuna ma'aunin launi. heatmap.2 na kunshin gplots ya gyara wannan. Sai dai su biyun suna da wani hali da ya daɗe yana damuna: ko ka ce a daidaita layuka, wato a mayar da kowane layi kan ma'auni ɗaya, launin kawai suke daidaitawa, rassan kuwa da ɗanyen alƙaluma suke gina su. Abin da ya faru da ita ke nan. Igabi da Zariya da Chikun suka dunƙule a reshe ɗaya don kawai sun fi yawan jama'a, alhali ita tashin zazzaɓi da damina take nema, ba yawan mutane ba.

Shi ya sa na ce ta ɗauki pheatmap. In ka rubuta scale = "row", yana daidaitawa tukuna sannan ya haɗa rukuni, kuma da cutree_rows sai ya yanka maka taswirar gida uku ko huɗu, ka kuma liƙa launi a gefe mai nuna shiyya. Layin umarni ɗaya ya ishe shi. Ga mai rubuta furojet, ban ga wanda ya kai shi ba.

ComplexHeatmap, wanda Zuguang Gu ya wallafa bayaninsa a 2016, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, yana jera taswirori da dama gefe da gefe. Amma daga Bioconductor, rumbun kunshin R na masu nazarin halittu, ake sauke shi da tarin kunshin da yake jawowa, kuma daidaita layuka aikinka ne. Sai buƙatarsa ta taso.

Wanda hannunsa ya faɗa da Python, wani harshen kwamfutar, ya tsaya kan clustermap na seaborn. A lura dai, shi da matsakaiciyar tazarar da ke tsakanin layuka yake haɗa rukuni, pheatmap kuma da mafi nisa, don haka rassansu kan bambanta a kan alƙaluma ɗaya. A faɗi hanyar da aka bi a babin bayanin aiki.

Masu nazarin ƙwayoyin halitta su duba kwamfutarsu. Layi 20,000 na haifar da tazara kusan miliyan 200, wajen gigabait 1.6 tun ba a fara zane ba, kwamfutar gwanjo mai gigabait 4 za ta sandare. A tace layi 500 ko 1,000 da suka fi sauyawa.

Kafin ta tafi na sa ta sauya ja da kore zuwa jerin launin viridis, saboda wasu ba sa bambance su, kuma furojet ɗin baƙi da fari za a buga shi a shago.