Garau-garau ko waakye: wanne za ki ɗora wa baƙi talatin?

Bayan hoton waakye, shinkafa da waken mutanen Gana, da na sa ranar Lahadi, wata ƙanwata a cikinmu ta yi mini tambaya mai baki biyu. Ta ce, "Anti, wai wannan ba garau-garau ɗinmu ba ne aka zuba masa kala? Ina da baƙi wajen talatin, dangin maigida, kwana uku bayan Sallah. Wanne zan ɗora musu?" Na ce bari in zauna in amsa miki a tsanake, don ni ma kafin ƙafata ta taka Akra, wadda tsofaffinmu ke ce wa Ankara, ɗauka nake duk kanwar ja ce.

Ta wani ɓangaren kina da gaskiya, domin sunan ma namu ne. Waakye wake ne kawai. A rubutun harshen Tuwi na Asante, "ky" kamar "c" ɗinmu ake furta shi, shi ya sa za ki ji suna cewa "waace". Shinkafa da wake ce aka yanke mata kai aka riƙe wutsiya. Fatakenmu ne suka bi hanyar Gwanja sayen goro, suka cika kasuwar Salaga, a arewacin Gana ta yau, da jakuna da kanwa da jar fata. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara ja da baya, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa tarwatsa ta, mutane suka bazu suka kafa zango-zango a Kumasi da Akra da sauran garuruwa. Tukunyarsu ta bi su. Har gobe a Gana za ki ji ana cewa tuwo zafi, Hausa koko, ƙosai da suke kira kose, da fura da ta koma fula. Da na biyo mota daga Legas ta Kwatano da Lome zuwa iyakar Aflawo, na tarar da 'yan uwan wannan abincin a hanya: a Binin suna ce masa atasi, a Togo ayimolu. Uwa ɗaya ce ta haife su, amma kowa ya tashi a gidan da aka kai shi riƙo.

To bari mu buɗe tukwanen biyu.

Garau-garau sunansa ya gama bayaninsa. So ake ƙwayar shinkafa ta tsaya da ƙafarta, wake ya nuna amma kada ya fashe, in kin ɗebo da cokali ki ji yana warwarewa. Shi ya sa da yawanmu ke tafasa wake daban har ya kusa nuna, a tsiyaye baƙin ruwan, sannan a haɗa da shinkafa. Kanwa in an sa, 'yar mitsitsiya ce, don dai waken ya yi saurin laushi a huta da ƙona gawayi. Launinsa fari ne mai ɗan dishi-dishi. In ya caɓe ya tashi daga garau-garau, ya koma dafa-dukar da ba a sa wa mai ba.

Waakye akasin haka yake so. Laushi ake nema, shinkafar ta ɗan kama jikinta ta rungumi waken, yadda in mai sayarwa ta yanko da ludayi zai zauna a dunƙule. Jan nan da kika gani kuma ba kalar kanti ba ce. Karan dafi ne, ɓawon da ke lulluɓe da karan wata irin jar dawa, wanda majema ke rina jar fata da shi, mata kuma ke jiƙawa su sha wai don ƙarin jini. A kasuwannin Gana ɗauri-ɗauri ake sayar da shi da sunan ganyen waakye. Mu a Kano sai ki je wajen 'yan koli da masu sayar da sauyoyi, kamar a Kasuwar Kurmi ko ta Rimi, ki ce karan dafi. Abin dariya, kayan yana gabanmu tun kaka da kakanni, muna rina fata da shi, sai da muka ƙetare iyaka uku muka ga an rina shinkafa.

Yadda na ga ana yi a wani gida a unguwar Nima ta Akra, inda na sauka, ga shi. Tun dare aka jiƙa wake. Da asuba uwar gidan ta wanke karan dafi sosai, don yana riƙe ƙura, ta jefa shi cikin ruwan da ke kan wuta tare da waken. Ruwan ya ɗan yi ja-ja kamar shayin da bai ji ganye ba. Sai ta tsiyaya ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa a kai. Wallahi a gaban idona ruwan ya juye ya koma ja wur, har yana neman yin baƙi, kamar zoɓo mai kauri. A nan na gane dalilin da ya sa ake ce mata kanwa uwar gami: a garau-garau aikinta ɗaya, tausasa wake, a waakye kuwa ita ke fizgo launin daga jikin karan. Da waken ya yi rabin nuna ta tsame karan, ta zuba shinkafa da gishiri, ta rage wuta, ta rufe da buhu kafin murfi. Ƙanshin da ke tashi wani iri ne, kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, da ɗan ɗanɗanon hayaƙi a can ƙarshen harshe. Garau-garau ba shi da wannan.

Ki yi hankali da kanwar nan. Farkon dawowata gida, zumuɗi ya sa na jefa guntun ungurnu mai girman dabino a shinkafa gwangwani huɗu, wai don jan ya fito sosai a hoto. Ya fito kam, har ya zarce. Shinkafa ta narke ta zama kamar tuwo, launi ya koma na hanta, baki kuma ya ɗauki wani santsi mai ɗaci-ɗaci. Autana ya kai loma ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Umma, sabulu ya faɗa a ciki?" Ranar kaji ma sai da suka yi shawara. Tun daga nan nake jiƙa kanwar da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba, in tace, in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina kallon ruwan.

Amma duk wannan ƙaramin bambanci ne. Babban yana bayan an sauke tukunya.

Garau-garau in ya sauka, aiki ya ƙare. Man gyaɗa da aka soya da albasa har ta yi ja, ko manja ga masu sonsa, sai yaji. Mutuncinsa duk yana cikin yajin nan: barkono, citta, masoro, kanumfari, ɗan kimba, tafarnuwa, wasu su daka da ƙuli-ƙuli. In da hali a yanka latas da tumatir da kokwamba, a ɗora soyayyen kifi ko dafaffen ƙwai. In babu hali, mai da yaji sun wadatar, ba wanda zai ce an rage masa wani abu. Shi ya sa ya zama abincin 'yan makaranta da 'yan tasha da na ƙarshen wata, kuma shi ya sa mai kuɗi ma in ya gaji da maiƙo yake aikawa a samo masa. Sai dai ki ajiye randa kusa, kin san halin wake da kiran ruwa.

Waakye in ya sauka, yanzu aka fara. Ranar farko da na tsaya a layin wata Hajiya a bakin titi (masu sayar da waakye da yawa Hajiya ake kiran su), na ga robobi da tukwane sun kewaye ta kamar mai kayan lefe. Ta shimfiɗa wani faffaɗan koren ganye a tafin hannunta, ta yanko waakye, sannan ta ɗago kai tana jiran in yi magana. Ni kuwa na tsaya ina jiran mai da yaji. Wadda ke bayana ce ta cece ni da Hausar zango, ta ce in faɗi abin da za a ɗora. Taliya, da sunanta na Hausa suke kiran ta. Garin rogo da aka ɗan dama da man miya. Ganda, su wele suke cewa, an dafa ta ta yi luguf a cikin jar miya. Dafaffen ƙwai, soyayyen kifi, nama, soyayyiyar agada, kabeji, wani lokaci har da fiya. A ƙarshe ta ɗebo wani baƙin abu mai ƙyalli da ƙaramin cokali ta ɗiga a gefe. Shi ne shito.

Shito shi ne yajinsu, amma yaji ne na soyawa. Sunan daga harshen Ga na mutanen Akra yake, ma'anarsa barkono. Ana niƙa albasa da citta da tafarnuwa, a soya cikin mai mai yawa, a zuba tumatirin gwangwani, da garin barkono, da garin busasshen kifi, da na jatan lande, wanda 'yan kasuwar Sabon Gari ke ce wa kirafish. Sai juyawa a kan wuta ƙasa-ƙasa, awa ɗaya ko fiye, har ruwan ya ƙone ƙaf, ya yi duhu, mai ya taso sama. In kika matsa ki amsa waya ya kama, in ya kama ya yi ɗaci, an yi asara. Amma in ya yi kyau, aka zuba a kwalba mai ya rufe shi, yana yin makonni bai lalace ba. Ni dai a ganina, waakye ba shito kamar garau-garau ne ba yaji: za a ci, za a ƙoshi, ba za a sake tambayar ki ba.

Lokacin cin su ma ya bambanta. Mu da rana ko da yamma muke nufar garau-garau. Su kuwa karin kumallo ne, ma'aikata da 'yan makaranta ke layi tun sassafe, wadda hannunta ya yi suna kafin azahar ta wanke tukunya. Ganyen nan da ake naɗewa a ciki kuma yana ƙara wani ƙanshi in zafi ya ratsa shi, abin da leda ba za ta taɓa yi ba.

Tunda kin ce daga baya za ki so in rubuta miki awo, ga wani tarko da na sha faɗawa. Matar da ta koya mini da olonka take awo, wani babban gwangwani da kasuwannin Gana ke amfani da shi. Ni da kwano da gwangwanin madara na saba, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma tiya suka sani. In na rubuta "kwano ɗaya" kowa da kwanon da zai zo masa a rai. Saboda haka ki riƙe rabo kawai: a waakye, shinkafa biyu wake ɗaya, da kowane mazubi kika auna. A garau-garau ni nakan kusa daidaita su, don waken ne daɗin. Farin wake mai baƙin hanci ya fi dacewa da waakye, kuma ba mu da matsalar samunsa, tunda Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan waken, Nijar na bin ta. Shinkafa kuma 'yar Hausa ta fi shan launin da kama jiki, in kin tsince tsakuwa. Doguwar turararriya ta fi dacewa da garau-garau.

Wani abu da zan faɗa ko da za a ji haushina: waakye ya fi kyau a hoto nesa ba kusa ba. Ja ga rawayar agada ga farin ƙwai ga koren ganye, ko da tsohuwar waya kika ɗauka sai an yaba. Garau-garau kuwa duk yadda kika juya faranti kusa da taga, fari ne da ɗigon mai. Wannan ne ke sa wasu su yayyafa wa shinkafa da wake ruwan zoɓo ko kalar kanti su sa hoto su ce waakye. Zoɓo tsami zai ba ki, ba ƙanshin karan dafi ba, kuma duk wanda ya taɓa ci a zango loma ɗaya zai gane.

Yanzu ga baƙinki talatin. Kwana uku bayan Sallah, kowa ya gaji da nama da maiƙo da jar miya, kuma dangin miji ne, cikinsu akwai tsofaffin da in suka ga shinkafa ja za su fara tambayar me aka zuba. Ke kuma ba ki taɓa dafa waakye ba. Waakye na mutum talatin yana nufin tukunyar waken, da jar miya, da ganda da ke cin awoyi, da taliya, da suyar agada da kifi, da shito: murhu uku da mataimaka biyu, kuma tun jajibiri za ki fara. Garau-garau kuwa babbar tukunya ɗaya ce, da kaskon mai, da turmi. Ki ɗora garau-garau, ki kashe kuɗin a kan man gyaɗa mai kyau da kifi da kayan lambu daga 'Yankaba, ki daka yajin da kanki kada ki saya na leda.

In kuma zuciyarki ta nace, ki soya shito a satin nan ki ajiye a kwalba, ranar taron ki sa shi a ƙaramin kwano kusa da yaji, ki ga wa zai miƙa hannu. Waakye ɗin kansa ki fara gwada shi wata Asabar da gwangwani biyu na shinkafa, ku da yara kawai, ki turo mini hoton ruwan bayan kin zuba kanwa, kafin ki sa shinkafar.