Ƙararrawar tsaro mara waya mai batir: tana aiki, amma sai an iya ɗaura ta

A shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da PZ a Zariya ana samun ƙaramin saitin ƙararrawar tsaro, galibi ɗan Chaina. Sunan da ke kan kwali ya bambanta, kayan ciki kusan ɗaya ne: risiba mai jiniya da ake jonawa da wuta a ɗaki, tiransimitar ƙofa mai aika wa risibar saƙo, da maganaɗisunta, wani lokaci da mai gano motsi da rimot. Tiransimitar ce abin dubawa a nan, don ita ke shan zafi da ƙura, kuma daga gare ta matsala ke farawa.

A cikinta akwai ɗan siririn makunni na gilashi wanda maganaɗisu ke riƙewa. Da an buɗe ƙofa maganaɗisun ya matsa, sai ta tura saƙo na daƙiƙa ɗaya ko biyu zuwa risiba, ta koma barci. Shi ya sa batirinta ke daɗewa.

Kafin ka biya kuɗi, juya bayan tiransimitar. In an rubuta 433MHz, wato zangon siginar da take aikawa a kai, dole risibar ma ta zama 433. Mai 315MHz ba za ta taɓa jin ta ba. Sannan ka nemi samfurin EV1527, wadda risiba ke haddace lambar sirrinta in ka danna maɓallin koyo ka raba ta da maganaɗisu. Lambobin irin wannan sun haura miliyan ɗaya, da wuya taka ta yi karo da ta maƙwabci. Tsohon samfuri mai PT2262 da hannu ake saita lambarsa, kuma da yawa ba sa canza wadda ya zo da ita, sai a buɗe shagon wani jiniyarka ta tashi.

Mita 100 da kwali ke alkawari a fili ne, inda babu komai tsakani. Da katangar bulo biyu ko uku ta shiga, ka sa ran mita 20 zuwa 30. A cikin Birni, inda katangar ƙasa ke da kauri, abin kan ragu fiye da haka, musamman in ta sha ruwan Agusta, don danshi yana shanye siginar. Saboda haka kada a huda bango tukuna. A riƙe ta da hannu a inda za ta zauna, a rufe duk ƙofofin da ke tsakani, a gwada sau goma. In sau ɗaya ta ƙi, wurin bai yi ba. A ɗaga risiba sama, a nisanta ta da inbata da caja, a miƙar da eriyarta gaba ɗaya. Kimanin santimita 17 ne tsawon da ya dace da 433, kada a yanke ko a naɗe.

Babbar matsalar a Zariya ƙofar ƙarfe ce, kuma ita ce a kusan kowane shago da get. Ƙarfe yana ɓarna biyu: yana janye ƙarfin maganaɗisu, yana kuma danne eriyar da ke cikin tiransimita. Sakamakon shi ne ƙarar banza da tsakar dare in iska ta girgiza ƙofa, ko shiru lokacin da aka buɗe ta da gaske. Maganin mai araha ne. A sa ɗan katako ko roba mai kaurin santimita ɗaya a ƙarƙashin tiransimita da kuma maganaɗisu, tazarar da ke tsakaninsu kada ta kai santimita ɗaya in ƙofa na rufe, alamar da ke gefen tiransimita ta fuskanci maganaɗisun daidai. Tiransimita a jikin firam, maganaɗisu a kan ƙyauren, don bugun ƙofa yana sassauta batir. Ƙofar shago mai naɗewa kuwa wasanta ya yi yawa, tana buƙatar babban samfuri mai jikin ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙasa.

Gam ɗin da ke zuwa a kwali ba ya jure zafin Maris da Afrilu, yakan saki na'urar ta faɗo. Sukuru biyu sun fi. Kuma yawancin waɗannan na'urori ba na waje ba ne. In a get ne, a sa ta inda feshin ruwa ba ya kaiwa.

Mai gano motsi a ɗaura shi mita 2 zuwa 2.2 daga ƙasa, kada ya kalli taga ko inda janareta ke huci. Da bazara, in zafin ɗaki ya kusa na jikin mutum, ganinsa yana raguwa. Da hunturu a riƙa goge fuskarsa da busasshen ƙyalle.

Sai batir, inda aibin na'urar yake. Masu araha magana ɗaya suke yi, ba sa gaya wa risiba cewa suna raye. Batir na iya mutuwa mai gida bai sani ba, yana barci da tunanin akwai mai gadi. Ƙananan tiransimitoci suna amfani da batir 23A mai bolt 12, wanda bai da ƙarfin ajiya sosai. A ƙofar da ake buɗewa sau da yawa a rana watanni kaɗan yake yi. Mai AAA biyu ta fi daɗewa, kuma batirinta ana samu a kowane kanti. A sa alkalin kawai. Batir mai arha na tocila yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da ke riƙe shi. In batir alkalin ya bar farin gari a wurin, a goge da auduga da ɗan ruwan lemon tsami, a bari ya bushe sarai. Mitar auna wuta tana yaudara in an auna batir a waje, don raunin nasa sai lokacin aikawa yake bayyana. Alamar da ta fi tabbas ita ce fitilar ta dushe ko nisan ya ragu.

A ware rana ɗaya a mako, a buɗe kowace ƙofa a ji ƙarar, a kuma zare risiba daga soket a ga ko batirinta na ciki yana riƙewa in an ɗauke wuta. Ga ɗakin haya a Samaru, sito ko ƙofar baya, kuɗinta bai tafi a banza ba. Shagon da ke da kaya masu tsada kuma babu mai kwana kusa, gara a ƙara kuɗi a sayi saiti mai layin waya da ke kira, mai kuma sanar da ƙarewar batir.