Akwatin wifi na gida a Yamai: a zaɓi rezo kafin a zaɓi boks

Boks, wato akwatin wifi, ba ya ƙirƙirar intanet, abin da ya shigo gidan shi yake rabawa. Saboda haka kafin ka nufi Babbar Kasuwa, ka ari layin Airtel, na Moov Africa da na Zamani Telecom, ka sa kowanne a waya ka gwada a cikin ɗakin da za a ajiye akwatin. A yi gwajin tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, lokacin da kowa ya hau, don saurin safe yaudara ne. In fibar Niger Telecom ta iso unguwarku, ita ta fi dacewa da gida mai yawan mutane. Starlink kuwa, intanet ta tauraron ɗan adam, da ya fara aiki a Nijar a 2025, yana da sauri, amma kayansa da kuɗin wata sun fi tsada, kuma ya fi cin kuran nesa ba kusa ba.

Ga mai layi, zaɓi biyu ne. Ƙaramin na aljihu yana da batir, ya isa mutum biyu ko uku a ɗaki guda, sai dai ba ya tsallake bango sosai, kuma in an bar shi kan caji kullum a zafin Afrilu da Mayu batirin kumbura yake. Na gida shi ne babban boks, kuma nan ake bukatar natsuwa. Huawei B311 da TP-Link TL-MR6400 ajin Cat4 ne, iyakarsu megabit 150 a takarda, kuma zangon wifi guda gare su, 2.4 GHz. Archer MR600 da Huawei B535 suna haɗa zangon rezo biyu lokaci guda, suna kuma da zangon wifi na 5 GHz, wanda ya fi sauri amma bangon siminti ko kaurin bangon laka na karya shi. Gida mai waya sama da goma da telebijin ya ƙara kuɗi ya sayi irin MR600 ko B535. Ka duba bayansa akwai ramukan ɗaura eriya ta waje, sannan ka sa layin wani kamfani dabam a gaban mai shago, don akwai waɗanda aka kulle wa rezo guda.

Kuran ma a yi lissafinsa tun wajen saye. Yawancin boks na shan volt 9 ko 12, an rubuta a ƙarƙashinsa. Ƙaramin batirin ajiya mai 10,000 mAh yana riƙe shi wajen awa 4 zuwa 5 in wuta ta ɗauke. Kada a sa volt 12 ga mai shan 9, yana iya ƙonewa.

Wajen girkawa, a kashe boks kafin a sa layi, kuma a guji karyayyen firam na sim, yana lanƙwasa haƙoran ciki. A ɗora shi sama kusa da taga, ba cikin kabad ba, ba dab da rufin kwano ba, domin zafi ke sa shi yankewa da tsakar rana. Shiga saitin Huawei ta 192.168.8.1, na TP-Link ta tplinkmodem.net, ka nemi lambar RSRP, mai nuna ƙarfin rezo: -90 ko abin da ya fi haka kusa da sifili ya yi kyau, in ta kai -110 ka canza wuri ko ka ɗaura eriya. In fitila ta nuna rezo amma babu intanet, galibi APN ne, wato saitin da ke haɗa layi da intanet, bai zauna ba, ka tambayi kamfanin layin.

Canza kalmar sirri biyu, ta shiga saiti da ta wifi, ka zaɓi tsarin tsaro na WPA2 da haruffa akalla 12, ka kashe WPS, hanyar shiga wifi ba da kalmar sirri ba. Sannan ka sa iyakar data ta wata a cikin saitin, don wayoyi da zarar sun ga wifi sai su hau sabunta manhajoji, su lamushe forfen wata cikin 'yan kwanaki.