Mega Drive Mini: don Sonic na saya, amma ba shi ya riƙe ni ba

Da na zaro ta daga kwali, abin da na fara yi shi ne tura yatsa a bakin da ake sa kaset. Murfin ya buɗe, ya koma ya rufe, sak irin na asali, amma ciki wayam. Ado ne kawai. Haka ɗan maɓallin sautin da ke gefen hagu: yana hawa yana sauka, ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Na yi dariya ni kaɗai. Duk wanda ya ce a bar su haka ya san su wa za su sayi abin, wato mu da muka yi ƙuruciya muna hura iska a cikin kaset idan ya ƙi tashi.

Ga wanda bai sani ba, wannan ƙaramar jikar Mega Drive ce, na'urar wasan da Sega ta fitar a Japan a 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta isa Turai a 1990. Ƙaramar ta fito a 2019, girmanta kashi 55 cikin ɗari na ta asalin, tana zama daram a tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan. Wasanni 42 ne a cikinta, ba a ƙari ba a ragi. Wayar HDMI zuwa talabijin, wayar USB ta wuta, sai hannu biyu na bugawa. Ba intanet, ba buɗe asusu, ba jiran a sauke wani abu. Ka jona, ka tura makunni, ka zauna. Na manta rabon da in sayi kayan lantarki da bai fara da tambayata adireshin imel ba.

Wasanni biyu ne suka sa na saya: Sonic the Hedgehog 2 da Streets of Rage 2, duk 'yan 1992. Na biyun nan ni da Yayana muka yi ta bugawa muna yara har yatsunmu suka yi kanta. Saboda haka ranar da ya zo na miƙa masa hannu ɗaya ba tare da na ce komai ba.

"Kai dai ba ka girma," in ji shi. "Da furfurarka?"

"Yaya, riƙe min kawai in gwada ko yana aiki."

Ya karɓa yana tsaki. Kafin in zauna ya riga ya zaɓi Axel, kamar yadda ya saba, ya bar ni da Skate. Ba mu yi minti biyar ba ya ɗirka min naushi, don a wasan nan duka yana kama abokin tafiyarka idan ya gifta, ya kuma rantse kuskure ne. Da na fasa wata gangar shara gasasshiyar kaza ta fito, raina saura ƙiris, nasa a cike, sai ya sha gabana ya ɗauke. Shekara talatin, halin bai canja ba.

Abin da na fi sa wa kunne shi ne sauti, don nan ne kwaikwayon Mega Drive ya saba faɗuwa. Na'urar asali tana da wata murya mai kaushi, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe amma da daɗi, wadda ke fitowa daga guntun Yamaha YM2612. Idan aka kuskure ta kaɗan, kiɗan sai ya koma kukan agwagwa. A nan an dace. Kiɗan da Yuzo Koshiro ya tsara wa Streets of Rage 2 ya fito da nauyinsa, gangar tana dukan ƙirji, kuma shi ɗin dai aka ɗauko ya tsara kiɗan shafin zaɓen wasa. Tun 2018 aka sanar da na'urar, aka ɗage ta zuwa 2019, aka damƙa aikin manhajar ga kamfanin M2 na Japan, waɗanda sana'arsu ke nan, tayar da tsofaffin wasanni. Jinkirin ya biya. Masu kunnen ƙwararru sun ce sautin yana ɗan makara da ƙyaftawar ido. Ni ban ji ba sai da na tsaya ina nema, kuma da na koma wasa na sake mantawa.

Sonic 2 kuwa da 'yata muka buga. Dabara ce tsohuwa: ka ba yaro hannu na biyu ya riƙe Tails, abokin tafiyar Sonic, wanda ba ya mutuwa. Ko ya faɗa rami, sai ka ga ya dawo yana shawagi da jelarsa biyu. Muna cikin matakin Chemical Plant ruwan nan mai launin hoda ya taso ya rufe mu, kiɗan nutsewa ya fara, lambobi suna sauka daga biyar. Ta saki hannun ta kama rigata tana "Abba, fito! Abba, fito!" Ni ma zuciyata bugawa take yi, kamar ban san tsanin da ke gaba ba.

To amma ga abin da ban zata ba. Cikin mako biyu na gama da waɗannan biyun. Na san kowace kwana, na san inda kowane bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen mataki, yake ɓoye, daɗin ya zo ya wuce kamar gaisuwar tsohon abokin makaranta: an rungume juna, an tuna baya, sai hira ta ƙare. Da a ce su kaɗai ne, da yanzu na'urar tana kan kabad tana shan ƙura.

Waɗanda ban taɓa gani ba su suka riƙe ni. Lokacin ƙuruciya kaset nawa mutum yake da shi? Huɗu, biyar, sai na aro. Gunstar Heroes, na kamfanin Treasure, tun 1993 yake duniya, ni kuwa sai yanzu muka haɗu. Makamai huɗu ne, kana haɗa biyu su ba ka wani sabo, kuma akwai bos guda da ke rikiɗa kama bayan kama har sai ka rasa da wa kake faɗa. Na sha tsayawa ina tambayar kaina yadda aka yi na'urar 1988 ta ɗauki wannan hargitsi ba ta shaƙe ba. Sai Monster World IV, wanda a 1994 Japan kaɗai ya fito: wata yarinya mai koren gashi, Asha, da ɗan dabbarta shuɗi mai tashi, wanda take riƙewa ta sauko a hankali daga tudu, ko ta jefa shi ya danna mata abin da hannunta bai kai ba. Wasa ne mai natsuwa, ba gaggawa, kuma shi na fi daɗewa a kai. An kuma saka Darius, wanda bai taɓa fitowa a Mega Drive ba a zamaninta, da Tetris, wanda rikicin haƙƙin mallaka ya tare wa hanya a 1989.

Akwai wani sirri da ya kamata duk mai na'urar ya sani. Idan ka canja harshen na'urar zuwa Japananci, ba rubutu kaɗai ke canjawa ba, hotunan kwalayen da wasu wasannin kansu suna komawa na Japan. Contra: Hard Corps shi ne babban misali. A na Amurka harsashi ɗaya ya taɓa ka, ka mutu. A na Japan kana da ma'aunin rai, sai an same ka sau uku. Ashe su can sun sassauta wa kansu, suka turo wa sauran duniya mai ɗacin. Tun da na gano haka ban sake buga ɗayan ba, kuma ba na jin kunya.

Kowane wasa yana da gurbi huɗu na ajiye inda ka tsaya. Ka danne maɓallin Start na ɗan lokaci, shafi ya fito, ka adana. Ga magidanci mai minti ashirin kafin barci, wannan ya fi komai. Da can sai dai a bar na'ura a kunne a tafi aike, ana addu'ar kada wani ya taɓa. Ghouls 'n Ghosts ne ya nuna min darajar abin: duka ɗaya sulken jarumin ya tarwatse ya bar shi da gajeren wando, duka na biyu ya zama ƙasusuwa, kuma idan ka kai ƙarshe sai a ce ka koma farko ka sake. Ba don ajiya ba da ban wuce mataki na biyu ba. Sai dai babu mayar da wasa baya na 'yan daƙiƙu, irin wanda ƙaramar Super Nintendo ta 2017 take da shi. Ita wasanni 21 gare ta, rabin na wannan, amma a wannan fannin ta sha gaba.

Inda na yi ƙorafi sosai shi ne hannun. Na Turai da Amurka mai maɓalli uku ne, A da B da C, babba, mai cika tafi, irin na farkon zamani. Ga yawancin wasannin ya wadatar. Amma an saka Street Fighter II a ciki, wasan da aka gina kan maɓalli shida, naushi uku, shuri uku. Da wannan hannun sai ka danna Start ka koma shuri, ka sake dannawa ka dawo naushi, abokin karawarka kuwa ba jiranka zai yi ba. Kamar a ba ka keke a ce feda ɗaya za ka riƙa takawa. Na Japan mai shida aka sa musu, don haka ba wai ba a san matsalar ba. Ana sayar da mai shida daban, kuma Mega Drive Mini 2 da ta biyo baya a 2022 da shi ta zo.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Babu Mortal Kombat, babu Sonic 3, babu Aladdin, kuma su ne sunaye ukun da duk wanda ya ga na'urar yake fara tambaya. Akwai zaɓin sa wa hoto layi-layi ya yi kama da tsohuwar talabijin, amma duhu yake ƙarawa, na gwada sau ɗaya na kashe. Altered Beast da Virtua Fighter 2 kuma tsufa bai yi musu kyau ba, minti goma ya ishe su.

Wanda yake neman wasanni uku da ya sani kawai, ya yi tunani kafin ya saya, don zai gama da su da wuri. Wanda zai iya zama ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, har da masu sunan da bai taɓa ji ba, zai daɗe bai ga ƙarshenta ba. Ni har yau ban taɓa Phantasy Star IV da Shining Force ba, ina tsoron su cinye min wata guda.

Shekaranjiya da dare Yaya ya kira. Bai tambayi yara ba sai daga baya. Cewa ya yi in nemo hannu mai maɓalli shida kafin ya dawo, guda biyu, kuma a Street Fighter II Ken nasa ne.